Wa ya kamata ya riƙe allurar, likita ko mutum-mutumi?

Habibu Mai Yadi: Assalamu alaikum. Likitocinmu na wannan zaure, shawara nake nema. Yayana aka yi wa sikanin aka ga ƙari a hantarsa, aka sake yin hoton CT, likita ya ce girmansa bai kai santimita 3 ba, amma sai an soka allura an ɗebo ɗan tsoka an gwada kafin a san ko mene ne. Wani ɗan uwanmu da ke zuwa Indiya ya ce kada mu yarda a yi a nan, wai can mutum-mutumi ne ke soka allurar, ba ya kuskure. Gida ya rabu biyu. In gaskiya ne, sai mu sayar da abin da za mu sayar mu tafi.

Dakta Zainab: Wa alaikumus salam Malam Habibu. Allah ya ba Yaya lafiya. Akwai na'urar, ba ƙarya ɗan uwanku ya yi ba. Wani kamfani a Chennai mai suna Perfint yana ƙera irinta, Maxio da Robio. Amma ga yadda take aiki: a ɗauki hoton CT, likita ya duba a kwamfuta ya sa alama inda yake son bakin allura ya tsaya da inda za ta shiga ta fata, sai hannun ƙarfen ya matso ya tsaya daidai wannan kusurwa yana riƙe da wata 'yar kafa. Likita ne da hannunsa yake tura allurar ta cikin kafar. Saiti take yi, ba ita ke sokawa ba. Maganar ba ta kuskure kuwa, babu wanda ya taɓa aiki da allura da zai faɗi haka.

In ƙarin yana fitowa sarai a sikanin, wannan aiki ne da ake yi kullum a manyan asibitocin koyarwa na ƙasar nan, da allurar kashe zafi kawai, mutum ido biyu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne watannin da za ku ɓata wajen haɗa kuɗi da neman biza, ƙarin yana girma.

Injiniya Mustapha: Anti Dakta, na yarda da shawarar da kika ba shi, amma kin rage wa na'urar daraja da yawa. Bari mu yi lissafi. In ƙari yana da zurfin santimita 10 daga fata, hannunki ya karkace da digiri 3 kacal, bakin allura zai kauce da sama da milimita 5. Digiri 3 ido ba ya ganinsa. In ƙarin kansa santimita 1 ne, kin fita daga tsakiyarsa kin koma gefe ke nan. Shi ya sa a ɗakin CT ake tura allura kaɗan, kowa ya fita, a ɗauki hoto, a dawo a gyara, a sake fita. Kowane zagaye ƙarin radiyeshan ne ga majinyaci, kowace gyara ƙarin rauni ce a cikin hanta.

Kuma abin ba sabo ba ne. Wannan yana cikin ayyukan farko da aka san mutum-mutumi ya yi a jikin ɗan Adam. A 1985, a Long Beach ta jihar Kalifoniya, Yik San Kwoh da abokan aikinsa suka ɗauko hannun PUMA, irin wanda ake aiki da shi a masana'antu, suka sa ya saita hanyar allura zuwa ƙwaƙwalwar mutum bisa hoton CT. Kimanin shekara arba'in ke nan.

Dakta Zainab: Ƙanena, lissafinka daidai ne. Akwai wuraren da ni ma zan so a ce ina da ita. Ƙarin da ya maƙale can saman hanta, ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, dole ka shiga ta ƙasan haƙarƙari ka nufi sama a karkace don kada ka ratsa huhu. Hoton CT yanka-yanka yake nuna jiki, kai kuma allurarka tana tsallaka yankan ɗaya bayan ɗaya, ba ka ganinta gaba ɗaya a hoto guda. A nan na'ura ta fi hannu. Haka in za a ƙona ƙari da allura uku ko huɗu waɗanda dole su jeru da tazara daidai.

Amma ka lura da misalin da ka kawo. Ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai, an ɗaure kan, ba ya motsi. Hanta ba haka take ba. Duk numfashi ɗaya tana sauka ta hau santimita ɗaya zuwa biyu, in mutum ya ja dogon numfashi ta fi haka. Hannun ƙarfen nan gindin allura ya riƙe a waje. Ni bakinta ne damuwata, shi kuma yana can ciki inda ba wanda ya riƙe shi.

Sista Ladi: Dakta kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ni ce nake tsayawa a kan majinyaci. Ka ce wa tsohuwa "Iya, riƙe numfashi", sai ta cika ƙirji har kafaɗunta su ɗaga. A ɗauki hoto. In an zo soka allura ka sake ce mata ta riƙe, yanzu tsoro ya kama ta, sai ta ja rabin na ɗazu. Hanta ta riga ta canza wuri, hoton da ke kan allo ya zama tsohon labari. Ni tun kafin ta hau gado nake zaunar da ita, in ɗora hannunta a kan cikinta, in ɗora nawa a kai, mu yi ta gwadawa: ja kaɗan, saki kaɗan, tsaya. Sai na ga tana tsayawa wuri ɗaya sau da yawa a jere kafin in kira likita. In kurma ce ko ba ta jin Hausa, sai mu yi alama da matsa hannu.

Habibu Mai Yadi: To Dakta, ke nan mu tsaya a yi a nan?

Dakta Zainab: Ban ga hotonsa ba, don haka likitansa ne mai magana ta ƙarshe. Amma ku tafi da tambayoyi. Ku tambaya ko yana da ciwon hanta nau'in B, ko hantar ta riga ta ƙanƙance. In haka ne, sau da yawa hoton CT ko MRI da aka yi da ruwan allura, aka ɗauka a matakai daban-daban, ya isa a gane sankarar hanta ba sai an soka komai ba. In kuma dole sai an ɗebo, ku tabbata an gwada ƙarfin daskarewar jininsa, ku faɗa musu in yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, har da na gargajiya. Ku tambayi wanda zai yi ko ya saba yi. Bayan an gama zai kwanta na wasu sa'o'i ana auna shi. In kun koma gida ya ji jiri, ko ciwon ciki yana ƙaruwa, kada ku jira gari ya waye.

Habibu Mai Yadi: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan karanta wa Hajiyarmu wannan da daddare, ita ce ta fi tayar da hankali.

Injiniya Mustapha: Allah ya ba shi lafiya. Sista, matsalar numfashin nan ma an yi aiki a kanta. Akwai Epione, na kamfanin Quantum Surgical a Montpellier ta Faransa. Ana manna wata alama a fatar majinyaci, kyamara tana bin hawa da saukarta, ta nuna wa likita lokacin da numfashi ya dawo daidai inda yake sa'ad da aka ɗauki hoto. Turai ta amince da shi a 2021, Amurka a 2022, don ƙona ƙarin hanta. Wanda ya kafa kamfanin ma, Bertin Nahum, a Dakar aka haife shi, asalinsa ɗan Benin ne. Shi ne ya ƙera ROSA na tiyatar ƙwaƙwalwa, wanda Zimmer Biomet ya saya a 2016.

Dakta Kabiru: Injiniya, ka bar rabin labarin. Ni likitan sa barci ne. Yawancin irin wannan aikin ana yin sa ne majinyaci yana cikin cikakken barci, an zura masa bututu a maƙogwaro, inji na yi masa numfashi. In an zo saiti sai mu tsayar da injin na ɗan lokaci. Wato ba na'urar ce ta shawo kan numfashi ba, mu ne. Can ba damuwa ba ce. A nan kuwa, likitan sa barci ɗaya yana iya zama shi ke riƙe da ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata a dare guda. Wa zai saki mai naƙuda ya je ɗakin CT?

Sannan akwai abin da ban ga an ambata ba: ji. In zan yi allurar baya ga mai haihuwa, ba ido nake amfani da shi ba. Babban yatsana yana kan sirinji, ina turawa a hankali, ina jin taurin jijiyar da nake ratsawa, sai kwatsam taurin ya sake. Wannan sakin shi ne alamar na iso. Milimita kaɗan gaba, na huda tantanin da bai kamata in huda ba, ta yi kwanaki da ciwon kai. In ka sa ƙarfe tsakanin yatsana da allura, ka raba ni da wannan.

Injiniya Mustapha: Yallaɓai, wannan shi ne ainihin abin da nake karatu a kai, kuma a nan ne aikin yake da wuya. Da farko an gwada sa sansa mai auna ƙarfi a gindin allura. Sai aka ga abin da take aunawa a cakuɗe yake: ƙarfin da baki ke yanka nama da shi, da gogayyar duk tsawon allurar da naman da ta riga ta wuce. Allura na ƙara zurfi, gogayya na danne saƙon da ake nema. Dole sansar ta koma baki, bakin kuwa kaurinsa bai wuce milimita ɗaya da ɗan kai ba, kuma dole a bar rami a tsakiya don ɗebo tsoka.

Hanyar da ta fi burge ni ita ce ta zaren gilashi, irin wanda ke ɗauke da intanet, siririnsa kusan kamar gashi. Ana zana wasu ƙananan layuka a cikinsa, kowane rukuni yana maido da launin haske guda. In zaren ya miƙe ko ya takura ko da ƙanƙani ne, launin da ke dawowa sai ya sauya. A jera zare uku a kewayen allura. In ta lanƙwasa, na waje zai miƙe, na ciki ya takura, kwamfuta ta haɗa lissafin ta zana siffar allurar tun daga gindi har baki, ba tare da an ɗauki hoto ba. Zafi ma yana sauya launin, amma da yake ukun zafi ɗaya suke ji, ana iya cire shi a lissafi. Kuma ba ruwansa da maganaɗisu, yana aiki a cikin MRI. Na'urar Ion ta kamfanin Intuitive, wadda Amurka ta amince da ita a 2019, da zaren gilashi take sanin siffarta, sai dai ita ta hanyoyin iska take bi zuwa cikin huhu, ba ta ƙirji ba.

Ɗaya hanyar kuma, 'yar mitsitsiyar waya a naɗe a bakin allura, da akwati a gefen gado mai fitar da maganaɗisu mara ƙarfi, kamar Aurora na kamfanin NDI a Kanada. Tana nuna inda baki yake, amma ƙarfen da ke kusa yana rikita ta.

Sista Ladi: Tsaya ɗana. Allurar ƙarfe ce ke lanƙwasa a cikin hanta? Hantar da yatsa ma ke shiga?

Dakta Zainab: Ƙwarai, Sista. Siririya in ta yi tsawo tana lanƙwasa, musamman da yake bakinta a fiƙe yake ta gefe ɗaya, nama yana tura shi zuwa wancan gefen. Hantar da ta ƙanƙance kuma ba laushi gare ta ba. Sannan ƙarin kansa yana gudu. Ki dubi mai tsire in yana soka tsinke: tsokar ba ta tsayawa, sai ta ja baya ta lotsa kafin tsinken ya huda, in bai tare ta da yatsa ba ta zame gefe. To mu ba mu da yatsan tarewa a ciki. Ƙari mai tauri a cikin nama mai laushi, kamar a nono, haka yake yi. Ka ga allura ta iso inda ka auna, ƙarin ya matsa gaba.

Injiniya Mustapha: Wannan karkacewar ma an mai da ita abin amfani. A jami'ar Johns Hopkins, su Robert Webster da Allison Okamura da Noah Cowan sun fitar da lissafin yadda allura mai laushi ke karkacewa gefe guda saboda fiƙen bakinta, a 2006. In ka tura ta haka, ta yi baka. In ka juya ta rabi, ta karkata ɗaya gefen. In kana juya ta ba tsayawa, ta tafi sak. Ke nan ana iya tuƙa ta ta kewaye jijiyar jini. A Imperial College ta Landan kuma sun kwaikwayi wani ƙwaro dangin rina da ke huda itace ya sa ƙwai, suka yi allura mai ɓangarori da ke zamewa ɗaya gaban ɗaya. A 2023, Ron Alterovitz na jami'ar North Carolina da abokan aikinsa na Vanderbilt suka nuna allura ta tuƙa kanta a cikin huhun alade mai rai, ta kauce wa jijiyoyi ta isa inda aka sa mata.

Dakta Kabiru: A lokacin da aka tsayar wa aladen numfashi.

Injiniya Mustapha: Haka ne, a tsakanin tsayarwar take tafiya.

Barista Hauwa: Ni ba likita ba ce, amma wannan na ƙarshen ya tsaya mini a rai. Mai saiti kawai ba matsala, likita ne ya tura, shi za a tambaya. Wadda ke tuƙa kanta fa? In ta tsinka jijiya mutum ya rasu, wa iyalinsa za su riƙe? Likitan zai ce na sa mata hanya daidai, kamfanin yana wata nahiya zai ce ba a saita ta yadda muka rubuta ba. Kuma me za a gaya wa majinyaci kafin ya sa hannu a takarda? Mutanenmu da yawa suna sa hannu ne don sun yarda da fuskar likitan da suka gani. Haƙƙinsu ne su san ko hannunsa ne zai yi aikin.

Dakta Zainab: Barista, a wurina amsar ba ta da wuya. Wanda ya ce a yi, ya zaɓi hanya, yake tsaye a ɗakin, shi ke da alhaki. In ba zan iya tsayar da ita in karɓi aikin da hannuna a tsakiya ba, ban cancanci kunna ta ba.

Isufu na Maraɗi: Salamu alaikum, ku yi haƙuri in sa baki. Ni gyaran injunan likita nake yi. Duk waɗannan da Injiniya ya lissafa, hoton sikaner ta CT suke ci. Na taɓa aiki a wani wuri da sikaner ta kwanta wata da watanni saboda kwalbar da ke fitar da hasken ta ƙone, kuɗin sabuwa kuma sai an bi ofis-ofis. Kuran, wato lantarki, in ya yi ta ɗaukewa yana dawowa da ƙarfi, allon cikin inji ne ke tafiya. Ga ƙura lokacin hunturu, ga zafi in kilim mai sanyaya ɗaki ta tsaya. Kuma irin waɗannan injuna suna da kayan da ake jefarwa bayan kowane majinyaci, daga kamfanin kaɗai ake samunsu, da kuɗin waje. Ranar da suka ƙare, sai a lulluɓe injin da zane. Tsoron da nake ji ma, injin da saitinsa ya goce da milimita uku ba ya ihu, zai ci gaba da nuna komai daidai a allo. Wa zai zo ya auna shi, sau nawa a shekara?

Alhaji Sabo: Malam Isufu ya gama magana. Ni kuɗin nake dubawa. Binciken da gwamnatin Najeriya ta yi a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, yawancinsu ba su sani ba. Ga gubar fumfuna a gyaɗa da masarar da ba ta bushe da kyau ba. Rigakafin yana cikin alluran yara tun 2004, amma ta farko da ake so a yi cikin awa 24 da haihuwa, wadda aka haifa a gida ina za ta same ta? Kuɗin mutum-mutumi ɗaya, mutum nawa zai gwada?

Dakta Zainab: Ranka ya daɗe, abin da ke ci mini rai ke nan. Ƙona ƙari da allura ya fi yin kyau in bai wuce santimita 3 ba, kuma sai an haɗa da ɗan naman da ke kewaye da shi, kamar milimita 5, don kada ya dawo. A nan ne saiti mai kyau yake da rana. Amma yawancin waɗanda nake gani sun zo ne ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, ƙarin ya cinye rabin hanta. Wannan ko makaho ba zai kuskure shi da allura ba, kuma allurar ba za ta cece shi ba. Da masu ɗauke da cutar da ke cikin haɗari suna yin sikanin duk wata shida, da mun riƙa kama ƙananan.

Injiniya Mustapha: Ban musa ba. Amma Alhaji, ku dubi ɗaya gefen. Ƙwararru irin su Anti ƙalilan ne, da yawa kuma sun tafi Saudiyya da Ingila. In na'ura za ta sa likitan da bai daɗe da farawa ba ya saita allura kusan kamar wanda ya shekara goma yana yi, ai mu muka fi Faransa buƙatarta.

Dakta Zainab: Saiti kashi ɗaya ne na aikin. Huhu za mu ɗauka misali: kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka ɗebo wa tsoka ta ƙirji, iska tana zubowa tsakanin huhu da haƙarƙari. Yawanci tana bajewa da kanta, wasu kuma sai an zura musu bututu nan take. Sabon likitan naka ya iya wannan? In hanta ta ɓalle da jini, ya san abin yi? Sannan tsokar da aka ɗebo, siririya kamar zare, sai ta shiga ruwan adanawa nan da nan, ta isa hannun likitan gwaji, a sami sakamako kafin majinyaci ya gaji ya koma ƙauye.

Injiniya Mustapha: To Anti, bari in juya tambayar. In ni zan ƙera abu ɗaya da zai yi muku amfani gobe, mene ne?

Dakta Zainab: Ka manta da CT tukuna, ka kama sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Yana ko'ina, ba radiyeshan, kana ganin hanta tana motsi a lokacin da take motsin, yanzu har akwai na hannu da ake jonawa da waya. Matsalarsa ɗaya: faifan da yake haskawa siriri ne ƙwarai. Allura ta ɗan fita daga cikinsa, sai ka ga ɗigon haske ka ɗauka baki ne, ashe tsakiyarta ce, bakin ya yi gaba. Kuskuren da ya fi yawa wajen masu koyo ke nan. Ka ba ni abin da zai nuna mini baki a kan allo ko da ya fita daga faifan.

Dakta Kabiru: Ni ma shi nake so, don allurar kashe jijiya da sa layin jini a wuya. Amma ya zama ana iya dafa shi a sake amfani da shi, ko kuma sansar ta kasance a cikin sandar da ake zarewa, ba a jikin allurar da za a jefar ba.

Injiniya Mustapha: Wannan mai yiwuwa ne, zaren gilashin a cikin sandar tsakiya zai zauna. Abin da ke da tsada shi ne akwatin da ke karanta hasken. In na dawo hutu zan sayo hantar sa a kwata, in binne zaitun a ciki a madadin ƙari, mu gwada tare in kun ba ni lokaci.

Dakta Kabiru: Ka ɗora ta a kan abin da zai riƙa tura ta sama da ƙasa santimita biyu, sau goma sha biyar a minti. In ba haka ba sakamakonka zai yi kyau fiye da gaskiya.

Isufu na Maraɗi: Kuma akwatin ya yi aiki da batir, Injiniya. Ka turo mini hoton cikinsa in ka haɗa, in ga ko kayansa ana samu a Kano.